Wa Ya Kashe Sululu?

Kafin Mai Sawu ya iso, mutane sun riga sun cika matakalar benen, kowa na miƙa wuya. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ratsa su ya hau sama, ya tarar da Auta, 'yar ƙanwarsa, tsaye a bakin ƙofar ɗakin zanenta, ta ware hannuwa ta tare hanya.

"Ban bar kowa ya shiga ba, Kawu," in ji ta. "Kamar yadda ka ce a waya."

Auta mai zane ce, kuma karnuka kaɗai take zanawa: na titi, na gadi, na masu kuɗi masu sarƙa a wuya. A ƙarshen makon za a buɗe baje kolin aikinta na farko. Yanzu ga aikin nan jingine da bango, kowane zane an tsaga shi gida biyu, ƙyallen na reto daga jikin firam. Gwangwanin shuɗin fenti ya kife, ya malale tsakar ɗakin. A gindin taga kuma Sululu ce kwance, tsohuwar karyar Mai Sawu, kanta a fashe.

Mai Sawu ya cire hularsa. A gandun daji ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun ɓarayin namun daji, kuma rabin aikin nan da Sululu ya yi shi. Ranar da aka harbe shi a cinya, ita ta koma sansani ta jawo mutane. Da ya yi ritaya, mai gidan da yake haya ya ce ba ya son kare, shi ne ya kawo ta wurin Auta. Ta tsufa, ido ɗaya ya yi fari, haƙoran ma saura kaɗan. Ko nama sai an daka mata.

Ya tsugunna ya shafa wuyanta. Ya daɗe a haka.

"Hannun da ya yi wannan," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "sai na gan shi ya kasa riƙe cokali."

Sannan ya miƙe ya fara karatun ƙasa. Sawun da ke cikin fentin na silifas ne na roba, irin wanda rabin gari ke sawa, ƙafar ba babba ba. Mai shi bai yi dube-dube ba. Daga ƙofa ya miƙe zuwa zane guda ɗaya, na wani ƙaton kare mai tsagaggen kunne da farin tabo a ƙirji, zaune a kan kujerar falo. A gaban wannan ne ya kifar da fentin, ya tsaya yana tattakawa wuri ɗaya. Shi kaɗai aka caccaka, huda a kan huda, har fuskar ta zama raga. Sauran kuwa tsaga ɗai-ɗai aka yi musu, daga sama har ƙasa, miƙe sak. Ga katakon firam a yashe da jini a bakinsa. Kusa da Sululu akwai shaidar gwiwoyi biyu a cikin fenti, an kuma jawo kwanon ruwanta zuwa bakinta.

"Ya kashe ta, sannan ya ba ta ruwa," in ji shi. "Munafuki. Wa ke da mabuɗi?"

"Ni, da Maigadi, da Kafinta mai yi mini firam. Dogo ma wataƙila, tun lokacin da muke raba ɗakin nan."

*

A matakala tuni an gama shari'a. Wasu na cewa Mai Kemis ne, don kowa ya ji shi yana rantsuwa sai ya sa wa karyar guba. Wasu na cewa Dogo ne, don shi ma mai zanen karnuka ne, kuma gurbinsa aka ba Auta a baje kolin.

Mai Sawu ya fara da Maigadi, wanda ke zaune a kan bencinsa yana ta sosa ƙeya.

"Jiya da yamma kana ina?"

"Ina nan daram, Baba. Ko ƙuda bai wuce ni ba."

"Nawa-nawa aka tashi wasan?"

"Ai ci biyu muka..." Maigadi ya haɗiye sauran. "To, na ɗan leƙa gidan kallon ƙwallo. Ɗan leƙe kawai. Ranar hutu ce, benen babu kowa."

Mai Sawu ya dubi ƙafarsa. Takalmin sojan gwanjo ne, kamar kwale-kwale. Ya wuce.

Mai Kemis bai jira tambaya ba. Yana hango shi ya fito daga bayan kanta.

"Na faɗa, ban musa ba! Kullum sai ta kwanta mini a ƙofar shago, masu sayen magani na tsallake ta. Amma faɗa daban, aikatawa daban. Ni da ko kaza ba na iya yankawa?"

"Ba guba aka ba ta ba."

"To, ka gani!"

"Ban ga kome ba tukuna. Ɗaga ƙafarka."

Mai Kemis ya ɗaga, yana huci. Tafin silifas ɗinsa fes, ya kuma fi sawun da ke sama faɗi. Mai Sawu ya so ƙwarai a ce shi ne, don bakinsa kaɗai ya isa a mare shi. Amma ƙasa ba ta ce shi ba ne.

*

Ɗakin Dogo na ƙarshen baranda. Yana tsaye gaban wani zane da bai gama ba, burushi a baki, kuma a kan takalminsa ga ɗigon shuɗin fenti. Mai Sawu ya ƙura wa ɗigon ido. Ya mai da ƙofa ya rufe.

"Mabuɗin ɗakin Auta na wurinka?"

"Yana nan cikin tarkace. Baba, in shuɗin nan kake kallo, kowane mai zane a benen nan na da shi har a cikin kunne."

"An ce kana jin haushinta."

"Haushi? Kamar in mutu!" Dogo ya cire burushin daga baki. "Ni na koya mata yadda ake zana hancin kare ya yi kamar da danshi. Yau ita ake kira, ni ana ce mini sai baɗi. Da zanen kaɗai aka yaga, wallahi da na yi barci mai daɗi. Amma Sululu? Ka duba can."

A bango, Sululu ce tana hamma, Sululu tana barci, Sululu ta ɗora haɓa a kan ƙafar wani. Mai Sawu ya gane ƙafar. Tasa ce. Ya kau da kai.

"Karen nan mai tsagaggen kunne, na wane ne?"

"Na Ɗan Kwangila. Janar sunansa. Ni ya fara kira in zana shi, aka kai ni har gonarsa ta bayan gari, inda yake ajiye shi. Da na ga yadda yake cizon sarƙa, na ce a kai kasuwa. Har gargaɗi ya yi mini kada in gaya wa kowa na ga karen. Ka taɓa jin mai son a zana karensa, amma ba ya son a san yana da shi?"

Mai Sawu ya mai da ido ƙasa. Ya auna ƙafar Dogo da ido. Ta yi tsawo da yawa.

*

Shagon Kafinta na ƙasan benen, ta baya. Da ya ga Mai Sawu, gudumar hannunsa ta kuskure ƙusa.

"Mabuɗinka fa?"

"Yana gida, a jikin ƙusa. Ban taɓa shi ba tun ranar da na je awon firam."

"Auta ta ce ranar ka bar awon rabi ka fita."

"Ciki ne ya murɗa mini, Baba."

Ƙarya ce, Mai Sawu ya ji warinta. Ƙafar ma ta yi kusa da sawun, sai dai Kafinta na taka gefen dunduniya, mai sawun kuwa da tsinin ƙafar dama yake dannawa. Ya bar shi ya fito ransa a jagule. Rana ta take, kuma Sululu na can kwance ba a rufe ta ba.

Ƙofa ta gaba shagon matar Kafinta ne, wadda kowa ke kira Tela. Ita da Auta kamar 'yan ciki ɗaya suke, tare suke cin abincin rana, Auta na ce mata Yaya. Ya tarar da ita a kan keken ɗinki, sanye da takalmin fita, ba ta ɗinka kome.

"Sannu da haƙuri, Kawu," ta ce, idonta a kan allura.

"Farin yadi nake so, wanda zai naɗe ta."

Ta tashi ta jawo bandir, ta auna da hannu. Ta ɗauki almakashi ta ɗan ciji bakin yadin, ta ajiye, ta kama gefe da gefe ta ja. Kyaat! Yadin ya rabu gida biyu, miƙe sak.

Mai Sawu ya matso kusa. Ya karɓi yadin ya dubi inda tsagar ta fara: ɗan yanka mai tsabta kamar tsawon farce, daga nan sai zare a barbaje har ƙasa.

Labulen ciki ya motsa. Wata yarinya ta leƙo, ba ta wuce shekarun shiga firamare ba, ta ja gyale ta rufe rabin fuskarta. Gyalen ya zame. Daga gefen bakinta har kunne nama ne a tattare, an ɗinke shi kamar bakin buhu. Ya sha ganin irin wannan a daji. Ya san abin da ke yin sa.

"Koma ciki," in ji Tela da sauri.

Ya hau sama ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya. A saman kowanne, dab da katako, ga ɗan cizon almakashin nan.

*

Da yamma ya tara su a ɗakin zanen: Auta, Dogo, Maigadi, Mai Kemis, Kafinta da matarsa. Sululu na naɗe cikin farin yadi a kan tebur. Ya jingina da ƙofa.

"Wanda ya shigo nan ba don Auta ya zo ba," ya ce. "Ba kuma don Sululu ba. Wancan karen ya zo kashewa, da ya rasa na gaske ya huce a kan hotonsa. Da ya gama, zuciya ba ta kwanta ba, sai ya bi sauran."

"Ni ne," in ji Kafinta. Ya matso gaba, gumi na bin wuyansa. "Ni na yi, Baba. A kira 'yan sanda."

Mai Sawu ya ɗauko ragowar ƙyallen zane ya jefa masa. "Raba mini shi biyu."

Kafinta ya zaro wuƙar aikinsa ya shiga yanka, layin na karkacewa. Mai Sawu ya karɓe ƙyallen, ya miƙa wa matar.

"Ke fa?"

Ba ta karɓa ba. Ta dubi mijinta. "Zauna, Baban yarinya. Ba ka iya ƙarya ba, tun muna saurayi da budurwa."

"Yaya?" in ji Auta. "Yaya, ke?"

"Ni." Tela ta juyo gare ta, idonta a bushe. "Kin tambaye ni me ya sami fuskar 'yata, na ce miki kare ne, kika ce Allah sarki. Ba ki tambayi wane kare ba. Babanta na aikin ƙofofi a gidan Ɗan Kwangila, ta kai masa abinci. Karen ya kayar da ita a tsakar gida. Da muka kai ƙara, mutumin nan ya dafa ƙirji ya ce bai taɓa mallakar kare mai tsagaggen kunne ba, na titi ne ya shigo. Aka je gidan ba a ga kare ba. Aka ce yarinya ce, ta ruɗe. Aka kore mu kamar mun zo bara. Ta daina zuwa makaranta saboda yara na kiranta Rabin Fuska. Sai ga babanta ya dawo gida ya kasa cin abinci, wai ya ga karen a ɗakinki, a kan kujera, kin yi masa ido kamar na jariri."

"Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Da na tsaya gabansa ban tuna da wannan ba. Kuma kada ki jira in ce na yi nadamar zanen, ban yi ba. Duk inda na juya a ɗakin nan haƙora nake gani."

"Sululu fa?" in ji Mai Sawu.

Nan ne muryarta ta karye. "Ta taso daga bayana, ta taɓa mini ƙafa da hanci. Ban san lokacin da na ɗauki katakon ba."

"Gaishe ki ta zo yi." Ya taka zuwa gabanta. "Ba ta da haƙorin da za ta fasa tumatir. Sau nawa kika ba ta ragowar abincinki a ɗakin nan? Wanda ya ciji 'yarki yana can yana cin nama, kin zo kin fasa kan tsohuwa."

Mai Kemis, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya sunkuyar da kai. Kafinta ya shiga tsakaninsu yana roƙo, "Baba, ka dubi yarinyar."

"Na dube ta. Shi ya sa har yanzu hannun uwarta ke jikinta."

Auta ta share hawaye ta ciro wayarta. "Ba zan kira 'yan sanda ba," ta ce. "Amma ki duba abin da kika kusa binnewa." Hotunan da ta yi zanen da su ne: Ɗan Kwangila rungume da Janar a falon gonarsa, yana dariya, ga tsagaggen kunne, ga farin tabo. "Da kin buɗe baki kin gaya mini, Yaya, da tuni suna hannun lauya, aikina na nan, Sululu na nan."

Tela ta zauna a ƙasa, cikin busasshen fentin.

*

Akwai fili a bayan benen, ƙasarsa tsakuwa ce zalla. Washegari da safe Mai Sawu ya kai Tela can, ya zana tsawo da faɗi da tsinin takalminsa, ya miƙa mata diga.

"Har ƙugu," ya ce.

Kafinta ya miƙa hannu zai karɓa. Mai Sawu ya dube shi sau ɗaya, ya janye. Ta yi ta sara. Rana ta ɗaga, tafin hannunta ya yi bororo, bororon ya fashe, ƙotar digar ta yi ja. Mutanen benen na leƙe ta taga, ba wanda ya sauko. Auta ta zo ta ce, "Kawu, ya isa haka." Ya ce bai isa ba. Yana tsaye a kanta, hannu a baya, har ramin ya kai inda ya ce. Ita kuma ba ta roƙe shi ba ko sau ɗaya. Da ta fito, yatsunta sun ƙi miƙewa, mijinta ne ya riƙe mata kofin ruwa a baki.

Mai Sawu ne ya sa Sululu a ramin da hannunsa. Ya zaci in ya ga hannun nan a haka zuciyarsa za ta yi sanyi. Ta ɗan yi, ba duka ba.

Ragowar fushin ya kai wa Ɗan Kwangila. Auta ta ƙi ɗage baje kolin. Ta rataye zanen a tsage yadda suke, na Janar a tsakiya da hudojinsa, ta manna hoton mai shi rungume da shi a gefe. Labari ya kai wa Ɗan Kwangila kafin a buɗe ƙofa, ya sa aka fitar da karen daga gonar. Da hukuma ta je da lauyan da Dogo ya samo, sai sarƙa kawai aka tarar, mai gona na murmushi yana cewa hoton haɗi ne na waya.

Mai Sawu ya raɓa shi ya fita. Ya zagaya bayan katanga, ya sami inda aka ja dabba mai nauyi tana turjewa, ya bi. Sawun ya ratsa gonar masara, ya tsallake kwalbati, ya ɓace a kan kwalta, ya sake ɓullowa a hanyar wani wurin buga bulo. Jami'ai na biye da shi suna haki. A ƙofar wani ɗakin ajiyar siminti ya tsaya.

"Ku buɗe a hankali," ya ce. "Wannan yana da haƙora."

Sunan kamfanin Ɗan Kwangila ne rubuce a jikin ƙofar. Da aka fito da Janar, yana ganin ubangidansa ya daina haushi, ya shiga kaɗa jela yana lasar masa takalmi a gaban kowa. Aka sake buɗe shari'ar, kuma wannan karon ba yarinyar aka ce ta ruɗe ba. Kotu ta ɗora wa Ɗan Kwangila aikin gyaran fuskarta, jaridu suka buga hotonsa da karen.

Da hannun Tela ya warke, ta hau sama ta roƙi Auta ta bar ta ta ɗinke zanen. Auta ta bar ta, amma ba su koma cin abinci tare ba. Ran nan Tela ta tare Mai Sawu a gindin matakala, ta durƙusa.

"Kawu, na gode da abin da ka yi mana."

"Yarinyar na yi wa," in ji shi, ya raɓa ta ya wuce.

Har yau yakan bi ta ƙofar shagonta in zai je wurin Auta. Yarinyar ta koma makaranta, in ta hango shi takan rugo ta ce, "Kaka, ina kwana?" Yakan tsaya ya amsa, har ya tambaye ta karatu. Uwar ma takan tsayar da keke ta gaishe shi, kullum, ba fashi. Bai taɓa amsa mata ba.